Kwanon da Na Mayar a Rufe

Azumin bana bai wahalar da kowa ba a gidan nan. Rana gajera, iska da sanyi-sanyi, ina tashi daga aiki a garin Largo, nan Amurka, in iso gida leɓena ko bushewa bai yi ba. Jiya autata ta shigo kicin tana yatsina fuska wai yunwa za ta kashe ta, da Turanci ma ta faɗa, don Hausar sai ta ga dama take yi. Na ce, "Ke tafi can, ba ki san azumi ba." Azumin da nake nufi ba zafinsa kaɗai nake tunawa ba, akwai abin da na yi a cikinsa wanda har yau in ya faɗo mini sai kunya ta rufe ni.

Shekarar da azumi ya faɗo cikin Agusta ce, ina shirin shiga shekarar ƙarshe ta digirina na biyu. Na je hutu Kano, na dawo saura kwana uku a kama baki, kuma dawowar da ƙyar aka yi ta. Na baro 'yata Ummi mai shekara biyu a hannun surukata. Yaya Sale, wan mijina, shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, kuma bai taɓa son tafiyar nan ba. Ranar da na je yi masa sallama yana kan darduma, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "An ce shekara ɗaya ta rage, na ji. Amma ranar da na ji wata magana a kanki, ko saura mako ki gama, za ki tattaro ki dawo." Baban Ummi na gefe ya sunkuyar da kai. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa musa wa wansa ba.

A Takoma Park nake zaune, a ɗakin ƙasa na gidan Hajiya Mariyama, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke sayar da atamfa da turaren wuta a falonta. Ta hanyar ƙanwarta Baraka, da ke aure a unguwarmu a Kano, na sami ɗakin. Hajiya na da kujera ɗaya a bakin tagar gaba, a nan take wuni da carbinta tana jiran masu saye. Ba mai shiga layin nan ko fita ba ta gan shi ba. A shekarar farko abin dariya yake ba ni.

Zafin Kano na san shi, ya gasa ka ya bar ka a bushe. Na nan daban ne, kamar an jiƙa bargo da ruwan zafi an lulluɓa maka. Kafin in taka daga gida zuwa tashar bas mayafina ya manne a wuya. Ƙwarin bishiya su yi ta tsuwwa tun hantsi har kanka ya ɗau ciwo. Ga rana ta ƙi faɗuwa, sai an wuce ƙarfe takwas ake shan ruwa. A makaranta kuwa kowa ya dawo hutu da kofin gahawa a hannu, ana ta rungume-rungume ana tambayar yaya hutu. Na tarar an ba wani sabon ɗalibi teburina na ɗakin bincike, an mayar da ni kusa da na'urar ɗumama abinci. Wuni nake ina shaƙar abincin mutane. Turancin ma da na bari wata biyu sai da ya yi mini nauyi a baki, malama ta yi tambaya in ji amsar ta zo mini da Hausa.

Abin da ke riƙe ni shi ne yamma. In na dawo da wuri sai in hau sama, in tarar Hajiya ta jiƙa wake. Ni ke wanke shi in cire dusa, ita ta niƙa a ƙaramin injinta na kicin, ta dama kunun tsamiya, ni in tsaya a kan suyar ƙosai gumi na zuba. Ran da na makara kuwa, zan tarar da kwanonta a kan matakalar farko ta ɗakina. Kwanon samira ne fari mai jajayen furanni, murfinsa ya ɗan ɓantare a gefe. In na ci in wanke, in saka dabino ko lemo ko 'yar kukar da na zo da ita, in mayar mata. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, kuma a wurinsu ma haka ne.

Ranar biyar ga wata hadari ya haɗo da la'asar. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara karya rassa, sannan ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Na fi awa a tashar bas ta makaranta, bas bai zo ba, na jiƙe sharkaf har littattafaina. Sai ga wani ɗan ajinmu, mutumin Gana, magidanci ne da 'ya'ya uku, ya tsaya da wata tsohuwar jar mota ya ce in shigo. Na shiga baya. Ya sauke ni a ƙofar gida, na gode masa, ina ɗaga ido na ga Hajiya a tagarta.

Ruwan nan ya kayar da bishiya a kan wayar wuta, muka kwana biyu babu lantarki. Naman da ke firjin Hajiya ya fara saki, muka fito da shi duka muka soye a kan gas, muna azumi, ƙamshi na neman ya kayar da mu. Ta yi ta ba ni labarin Maraɗi muna dariya. Ban san daga wannan dariyar za mu daɗe ba mu yi wata ba.

Kowace Lahadi da hantsi nake kiran Innata, lokacin ya yi daidai da bayan azahar a Kano. Katin waya nake saye a shagon wani Bahabashe, in kankare, in danna lambobin nan masu tsawo. Inna na da injin markaɗe a tsakar gida, shi ne sana'arta tun muna yara. Da ta ɗauka sai in ji ƙarar injin, ta ce, "Tsaya, tsaya, Rabi ce." Sai ƙarar ta mutu, wuri ya yi tsit. Ni a raina ɗaki ta shige ta ja ƙofa. Daga nan in zazzage mata komai, don ba ni da wanda nake zazzage wa. Ran nan na ba ta labarin ruwa da jar mota da nama, ta yi ta sa wa ɗan Gana albarka.

Ranar Laraba Baban Ummi ya kira. Ko gaisawa ba mu gama ba.

Ya ce, "Rabi, wane ne mai jar mota?"

Na ce, "Wace jar mota?"

"Wadda ta sauke ki a ƙofar gida. Maganar ta kai kunnen Yaya."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da 'ya'yan mutumin uku. Ya ce shi ya yarda da ni, amma in yi hankali. Na ce wa ya faɗa? Ya ce shi ma a bakin Yaya ya ji.

Na ajiye waya na zauna a bakin gado ina lissafi. Mutum nawa suka ga motar nan? Ni, da mai motar, da matar da ke bakin taga. Wa ke da 'yar'uwa a unguwarmu? A take komai ya jeru mini. Tambayoyinta na kullum, "Ɗiyata, yau ƙarhe nawa za a taso lakwal?" wato makaranta a bakinsu na Nijar, ashe ba kulawa ba ce. Har na tuna ranar da ta ce in ba ta lambar wayar gidanmu na Kano ko da wani abu zai faru. Na ce lallai Rabi kin cika sakarya, shekara guda kina cin ƙosan mai kai rahotonki.

Ran nan ban hau sama ba. Da magariba na ji takunta, na ji ta ajiye kwano ta koma. Na ci, don yunwa ba ta bar ni na yi zuciya ba, amma na wanke na mayar da shi babu komai a ciki. Washegari ko buɗewa ban yi ba. Na ɗauke shi da ɗuminsa na kai bakin ƙofar kicin ɗinta na ajiye. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da na yi. Zagi ne, kuma na san zagi ne lokacin da nake yin sa.

Na koma shan ruwa da burodi da shayi. Da aka buɗe aji sosai aka sa mini darasi biyu na yamma, magariba ta riƙa riskata a cikin aji. In zaro dabino ɗaya daga jaka in tura a baki a ɓoye, in kurɓi ruwa, malami na ta rubutu a allo. In dawo in tarar da kwano a matakala, ƙamshin tsamiya ya cika wurin, in tsallake shi. Na rame har zobena ya fara zamewa. Na daina bi ta ƙofar gaba, sai in zagaya ta baya ta wajen kwandon shara. In na ji tana waya a sama sai in kashe fanka in kasa kunne ta silin, ga zafi kamar zai narka ni. Ko dariya ta yi sai in ce da ni take.

Sau ɗaya ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Ɗiyata, lahiya? Ko cikin ne ba ya son ƙosai?"

Na ce, "Lafiya lau, Hajiya. Karatu ne ya yi yawa."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Sai na ce bari in tabbatar. Na ɗana mata tarko. Ranar Juma'a na tsaya a bakin falonta na ce, "Hajiya, gobe Largo za ni shan ruwa gidan wasu mutane, ƙila in daɗe." Ko'ina ban je ba, a ɗakin karatu na makaranta na wuni. Ranar Lahadi ina ta ɗoki na kira Inna, injin ya mutu, na kwashe dabarar duka na gaya mata. Na ce, "Inna, matar nan munafuka ce. Tana ba ni abinci da hannu ɗaya tana haƙa mini rami da ɗayan. Na ce mata Largo za ni, mu gani ko zai iso Kano." Inna ta ce, "A'a Rabi, ki bi a hankali, azumi ake." Muryarta ta yi wani iri, amma ban kula ba.

Ya iso kuwa. Kwana uku tsakani Baban Ummi ya kira, muryarsa a dushe. Wai Yaya ya ji yanzu har wani gari nake zuwa mai suna Largo, wurin wasu mutane da ba a san ko su wane ne ba. Ya ce, "Ya yanke magana, Rabi. Bayan Sallah ki tattaro." Na ce saura wata tara fa. Ya ce ya sani. Na ce kai ba za ka ce komai ba? Ya ce kuɗin wayarsa sun kusa ƙarewa, ya yi mini sallama.

Na yi kuka ran nan har na rasa hawaye, bakin azumi ba ruwa a jiki. Shekara guda na bar 'yata tana koyon magana a bakin wasu, yanzu in koma hannu biyu, a ce an dawo da ita saboda abin kunya. Wannan ya fi karatun ci mini rai. Na tsani matar nan tsana mai tsanani, na faɗa ban ɓoye ba. Kwanonta kuwa bai fasa sauka ba ko rana ɗaya.

Lahadin da ta biyo, muna cikin goman ƙarshe, na kira Inna don in gaya mata an gama da ni. Injin ya mutu kamar kullum. Na fara magana ina shessheƙa, na ce ga abin da tsohuwar nan ta jawo mini. Sai na ji wani tari kusa da wayar, tarin da ba na Inna ba. Sannan wata murya ta ce, "Ayya, kuka take yi, baiwar Allah." Wata kuma daga nesa ta ce, "Ku yi shiru mana mu ji."

Na ce, "Inna, su wa ke nan?"

Ta ce, "'Yan markaɗe ne."

"A ina kike?"

"A tsakar gida mana, ina zan je in bar wa mutane wakensu?"

"Suna jina?"

Ta ce, "To ai kin san kunnen nan nawa. Ƙanwarki ce ta nuna mini inda zan danna murya ta fito sosai. Ga Gwaggo Laraba ma tana gaishe ki."

Gwaggo Laraba ƙanwar mahaifin su Yaya Sale ce, a gidansa take zaune. Ta karɓe zancen da fara'arta, "Rabi, ina gajiya? Kullum muna nan muna jin labarin Amurka." Wallahi ba da mugunta ta faɗa ba. Ita dai ta ji abu ta kai gida, rabi ta ji daidai rabi ta cike da nata. Ashe shirun nan da nake ɗauka na ɗaki ne, layin mata ne da robobin wake a gabansu, an kashe inji ana sauraron 'yar Inna da ke ƙasar waje. Da azumi kuwa layin har zaure yake kaiwa.

Na ce a hankali, "Inna, Baraka na zuwa markaɗe?"

Ta ce, "Kullum. Ran nan ma da kika yi maganar yayarta tana nan, ta ɗau robarta ta fita ba a niƙa mata ba. Na so in gaya miki, ban san ta inda zan fara ba."

Ban san lokacin da na ajiye wayar ba. Na daɗe a tsaye a gindin matakala. Hawa goma sha biyu ce, na sha ƙirga ta, amma ran nan kamar ba zan kai ƙarshe ba. Na tarar da Hajiya a kujerarta. Na durƙusa a gabanta ina hawaye.

Ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi."

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Na zalunce ki."

"Na sani."

"Baraka ta gaya miki?"

"Tun ranar. Har munahukar ba ta rage ba." Ta ja carbinta. "Ta yi zahi, ɗiyata. Ban ɓoye miki ba, ta yi zahi."

Na gaya mata komai, inji da layi da Gwaggo Laraba, da hukuncin Yaya Sale. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in ba ta lambarsa. Na ce Hajiya ba ya jin maganar kowa. Ta ce, "Ba ni dai."

A gabana ta kira shi. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Sannan ta ce, "Alhaji, ni ce mai gidan da ɗiyarku take. Na girme ka, kuma ina da azumi a bakina. Kujerata na bakin taga, ba ta hita ban gani ba, ba ta shigowa ban gani ba." Ta shiga jero masa. Ƙarfe bakwai da kwata take fita. Litinin da Laraba sai bayan magariba, saboda lakwal. Jar mota sau ɗaya ta zo, ranar ruwan da ya kayar da itace, kuma a baya yarinyar ta zauna. Ranar da aka ce ta je Largo, da jakar littattafai ta fita, da ita ta dawo, a bas ɗin makaranta. Har zagayen da nake yi ta wajen shara ta sani. Kallon nan da na tsana, shi ne ta shimfiɗa masa kaf.

Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana magana. A ƙarshe ta ce, "Na ɗauka, amana ce. In kun ga ba daidai ba, ni za ku tambaya." Ta ajiye waya ta ce, "Ya ce ki ƙare karatunki."

Na kifa kai a gwiwarta. Da na sami bakin magana na yi tambayar da ke cina. Na ce, "Hajiya, kin san abin da na kira ki, kina ganin ina mayar miki da kwano a rufe. Me ya sa ba ki daina ba?"

Ta ce, "Da ke nike hushi. Azuminki bai yi min laihi ba." Ta miƙe tana dafa kujera. "Wake na nan a jiƙe tun ɗazu, hannuna ya gaji da wankinsa ni kaɗai."

Na gama karatun. Baban Ummi da Ummi suka biyo ni bayan shekara biyu, da yardar Yaya Sale. Yanzu in na kira gida fuskar kowa nake gani a waya, in ga wanda ke tsakar gida da wanda ke leƙe, duk da haka sai na ce, "Su wa ke nan?" Yara su yi ta yi mini dariya.

Hajiya ta koma Maraɗi da tsufa ya kama ta, a can ta rasu. Ranar da za ta tafi ta aiko mini da kwanon nan cike da ƙosai, ina wurin aiki. Kafin in sami abin da zan saka a ciki in mayar, jirginsu ya tashi. Yana nan a kicin ɗina da ɓantararren murfinsa. Jiya bayan na kori autata na sauko da shi, na cika shi, na kai wa wata ɗaliba 'yar Zariya da ta kama ɗaki a layinmu watan jiya. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta dube ni ta dubi kwanon, ta ce wa ya gaya mini tana nan. Na ce ba kowa, ta taga na gan ta. Ta karɓa tana ɗari-ɗari, ta rufe ƙofa har da sakata.

Yau ma zan kai mata.